Ayarin Motocin Soja Da Ya Yi Kwana 62 Yana Ratsa Amurka

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga yankin Giwa a jihar Kaduna, ya aiko mana da takarda. Ya ce ɗansa ne ya nuna masa hoto a waya, ga wasu dattawan Turawa sun jera tsofaffin motocin soja irin na zamanin yaƙin Hitila, wai za su ratsa ƙasar Amurka da su daga wannan bakin teku zuwa wancan. Yana so ya ji ko gaskiya ne, me ya kai su, kuma ta yaya motar da ta haura shekara 70 za ta jure irin wannan tafiya, alhali shi motar da ke ɗaukar masa masara ba ta kai shekara 30 ba, amma kullum tana wurin makaniki.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda, kuma muna gaida jama'ar Giwa baki ɗaya. Abin da ɗanka ya nuna maka gaskiya ne. Akwai wata ƙungiya a Amurka ta masu sayen tsofaffin motocin soja suna gyarawa suna adanawa, ana kiranta MVPA a taƙaice. 'Yan wannan ƙungiya sun yi ayari sun ratsa ƙasar a shekarar 2009, suka kuma sake yi a 2019, daga birnin Washinton har San Faransisko. Amma fa ba su ne suka faro abin ba. Sawun wasu suke bi, wato wani ayarin sojojin Amurka da ya yi wannan tafiya a shekarar 1919. Sai ka ji labarin wancan ayari tukuna, sannan za ka gane me ya kai waɗannan dattawa.

Da farko dai ka cire Amurkar da kake gani a fim daga ranka. A 1919 jirgin ƙasa ne sarkin tafiya a can. In kana da kaya mai nauyi, ko za ka yi nisa, to tashar jirgi za ka nufa. Manyan birane suna da tituna masu kyau, amma da zarar ka fita bayan gari sai hanyar ƙasa, da rani ƙura, da damina taɓo. Manomin Amurka na wancan lokaci ya san abin da ka sani sarai: ga amfanin gona a rumbu, ga farashi ya yi kyau a gari, amma an yi ruwa, keken doki ba ya iya fita. Har akwai manoman da suka mayar da abin sana'a, su tsaya da dawakinsu kusa da wurin da motoci ke kafewa, su jawo ka, ka biya.

Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare a watan Nuwamba na 1918, ya bar wa sojojin Amurka dubban manyan motoci. Sai manyan soja suka yi wa kansu tambaya. In wata rana abokan gaba suka farfasa hanyar jirgin ƙasa, shin za a iya kwasar soja da kayansu a mota daga gabashin ƙasar zuwa yammaci? Babu wanda ya taɓa gwadawa da ayari mai girma haka. Masu kamfanonin mota da na taya su ma suka sa baki, don su bukatarsu ita ce gwamnati ta ji kunya ta gina hanya. Akwai wata hanya da ake kira Hanyar Linkon, wadda wasu 'yan kasuwa suka shata tun 1913 daga Niyok zuwa San Faransisko. Sunan hanya ne dai, amma a wurare da yawa fenti ne kawai aka shafa a jikin turakun waya don matafiyi ya san bai ɓata ba. Ita aka ce ayarin ya bi.

Ranar 7 ga watan Yuli, 1919, ayarin ya tashi daga kusa da fadar shugaban ƙasa a Washinton. Motoci 81 ne, da mutane kusan 300, hafsoshi da kurata, ƙarƙashin Laftanar Kanar Charles McClure. Kada ka ɗauka duk motocin kaya ne. Gari guda ne aka ɗora a kan tayoyi. Akwai motar da aka mayar maƙera, akwai garejin tafi-da-gidanka, akwai motocin kayan gyara, tankar mai, tankokin ruwa, kicin da ake ja a baya, motocin asibiti, da babura masu shiga gaba suna duba hanya suna kafa alama. Akwai katafila guda da aka ɗora a kan mota. Sai kuma wata ƙatuwar mota mai suna Militor, mai ja da dukkan ƙafafunta huɗu, da igiyar ƙarfe mai naɗewa. Ka riƙe sunanta, za mu dawo kanta. Can gaba kuma wani farar hula ne, Henry Ostermann, ma'aikacin ƙungiyar Hanyar Linkon, shi ne jagora, don ya sha bin hanyar ya san ta kamar yunwar cikinsa.

Su motocin, sababbi ne a zamaninsu, samfurin Mack da Packard da White da Garford da FWD da sauransu. Amma da ka ga ɗaya yau, sai ka gode wa taka. Manyan cikinsu tayoyinsu zallar roba ce daskararriya, babu iska a ciki. Ba ta faci, gaskiya ne, amma duk dutsen da ta taka sai direba ya ji shi a ƙashin bayansa, kuma in ta yi zafi robar kan ɓantare ta rabu da ƙarfen. Motocin Mack kuwa da sarƙa suke juya ƙafafun baya, kamar keke. Wurin zaman direba a yawancinsu a buɗe yake, sai ɗan tamfol a sama. Direbobin ma wani labari ne. An riga an sallami yawancin ƙwararrun da suka yi yaƙi, sai aka ɗebo sababbin yara, wasunsu sun ce sun iya tuƙi alhali ko yaron mota ba su taɓa yi ba. A hanya suka koya, motocin kuma suka biya kuɗin makarantar.

Ranar farko mil 46 suka yi, wato kilomita 74, cikin awa bakwai da ɗan ɗori, kuma tun a ranar aka fara tsayawa gyara. A garin Frederick na jihar Merilan suka kwana. A nan ne wani matashin hafsa ɗan shekara 28 ya iske su, daga rundunar tankokin yaƙi, an turo shi ya zama ɗan kallo ya rubuta rahoto. Sunansa Duwayit Aizinhawa. A lokacin ransa a ɓace yake, don an gama yaƙi bai taka Turai ba, an bar shi gida yana horar da kurata. Shi da kansa ya faɗa a wani littafi da ya fitar a 1967 cewa rabin abin da ya kai shi neman nishaɗi ne, rabi kuma neman sani.

Tafiyar gabas ba ta da wani dogon labari. Jihohin Fensilbaniya da Ohayo da Indiyana akwai hanya mai dama-dama, ko da yake nauyin motocin ya farfasa ta a wurare da dama. Abin da ya fi damun sojojin a nan shi ne biki. Duk garin da suka shiga sai an tare su da kiɗa da abinci da jawabai, mutum ya yini yana shan ƙura, da dare kuma a tsayar da shi yana sauraron mai gari. An ƙiyasta fiye da mutum miliyan 3 ne suka fito kallonsu kafin su kai ƙarshe.

Daga jihar Ilinoyis kwalta ta yi musu sallama, ba su kuma sake ganin ta kirki ba sai Kalifoniya. A nan aka fara tafiyar gaske.

Ka fara da gada. Gadojin karkara na lokacin da katako aka yi su, don keken doki da kayan manomi. Ga mota mai nauyin tan da yawa ta zo, bayanta kuma akwai wasu gommai. Dole injiniyoyin soja su riga kowa isa, su leƙa ƙarƙashi, su tokare da gungume, su shimfiɗa katakon da suka ɗauko. In gadar ba za ta ɗauka ba, a gangara a bi ta cikin rafin. In kuma ta karye, to ba a wucewa a bar mutanen gari da ita haka, sai an tsaya an gyara. Kafin a gama tafiyar, gadoji 88 suka karya suka kuma gyara, da yawansu a jihar Wayomin.

Sai taɓo. A jihar Nebraska ruwa ya same su a kan wata irin baƙar laka mai santsi, mai kama taya kamar danƙo. Mota na cikin tafiya sai ka ga bayanta ya goce, ta zame ta kwanta a kwata. Ta baya ta zo ratse ta, ita ma ta bi sahu. A wani wurin kuma yashi ne mai haɗiye abu, mota ta nutse har gindin bodi. A nan Militor ta ci sunanta. Ita ce ke komawa baya ta jawo wannan, ta dawo ta ciro waccan, wani lokaci ta shigo zango cikin dare tana jan motoci fiye da ɗaya a bayanta. Hafsoshin da suka rubuta rahoto sun yarda cewa ba don ita ba, da wuya ayarin ya kai. Kai da ka taɓa kwana a kan buhunanka saboda gingimari ta kafe a fadama, ba sai an yi maka dogon bayani ba.

Amma duk wannan wasa ne a kan abin da suka tarar a jihar Yuta cikin watan Agusta. Yamma da birnin Salt Lake akwai wata hamada ta gishiri, shimfiɗaɗɗiya, fara fat, ba itace ba inuwa. Samanta a bushe yake kamar daɓe, amma ɓawo ne kawai, ƙarƙashinsa laka ce. An fara gina wata hanya da za ta yanke ta tsakiya, ba a gama ba. Ƙaramar mota takan wuce. Manyan kuwa suna hawa sai ɓawon ya fashe, su zauna. Katafila da Militor suka yi iyakar yinsu, abin ya fi ƙarfinsu, sai aka koma ga ƙarfin mutum: a ɗaura igiya, sojoji su jeru, hafsa da kurtu babu bambanci, a shimfiɗa katako, a ja mota guda ta fita, a kwashe katakon a koma wa ta baya. Yini guda ana wannan, tafiyar da aka yi ba ta taka kara ta karya ba. Tankar mai da ta ruwa su ma suka maƙale a baya. Ruwan sha ya yi ƙaranci har aka sa masu gadi a kansa ana aunawa kowa. Ka san da me aka kawo musu ɗauki? Da keken doki aka jawo musu ruwa. Ayarin da ya fito don ya nuna wa duniya zamanin doki ya wuce, doki ne ya shayar da shi.

Jihar Nebada kuma rairayi ne da ƙura mai kanwa, mai cin ido da maƙogwaro, mai shiga inji ta cinye shi. Motocin sarƙa sun fi kowa shan wuya a nan. Daga nan sai duwatsun Sierra Nevada, inda hanya ke manne da jikin dutse, gefe guda kwazazzabo ne mai zurfi. Aka hana sauran motoci bin hanyar, aka zaɓi direbobin da hannunsu ya faɗa, ana hawa a hankali, mutum na biye da waji a hannu ko da birki zai ƙi. Abin mamaki, nan da aka fi jin tsoro lafiya aka wuce, don zuwa lokacin yaran nan sun zama direbobi. Suna gangarawa Kalifoniya suka hau kwalta sumul. Ranar 6 ga Satumba aka tsallaka da su a jirgin fito daga Oakland zuwa San Faransisko.

Ga lissafin tafiyar. Kwana 62. Mil 3,251, wato kilomita 5,200 da 'yan kai, kamar ka yi Kano zuwa Legas sau biyar. In ka raba da kwanakin da suka yi tafiya, abin da suke ci a yini bai kai kilomita 100 ba, gudunsu kuwa a tsakaice kamar kilomita 10 a awa, wanda mai keke zai wuce su yana ɗaga musu hannu. Fiye da rabin hanyar ƙasa ce ko rairayi ko turbar dutse. An rubuta haɗari da kafewa 230. Motoci 9 aka bari a hanya, mutum 21 suka ji raunin da ya hana su ƙarasawa.

Rahoton da Aizinhawa ya rubuta gajere ne, ba kwana-kwana. Ya soki rashin horon direbobi. Ya ce ƙananan motoci masu tayar iska sun fi manyan amfani a mummunar hanya. Ya kuma lura da wani abu da za ka so ka ji: a wurare da dama an taɓa gina hanya mai kyau, aka bar ta babu gyara har ta lalace, alhali kuɗi kaɗan a kan lokaci da ya tsare ta. A ganinmu, wannan ya fi duk sauran rahoton nauyi.

Yaron nan shi ne ya zama babban kwamandan sojojin ƙawance a Turai a Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya ga manyan titunan da Jamus ta gina, ya ga yadda runduna ke gudu a kansu. A 1953 ya zama shugaban Amurka. Ranar 29 ga Yuni, 1956, yana kwance a asibiti, ya sa hannu a dokar gina manyan tagwayen tituna masu tsawon mil 41,000 da za su haɗa jihohin ƙasar.

A nan sai mu ja hankalinka kaɗan, don masu ba da labari sukan ce wai wahalar 1919 ce kaɗai ta haifi titunan. Abin bai kai nan sauƙi ba. Tun 1921 majalisa ta yi dokar taimaka wa jihohi da kuɗin hanya, kuma tun 1944 aka amince da tsarin manyan titunan a takarda. Shekara 12 tsarin na kwance, saboda ba a daidaita a kan wanda zai biya ba. Abin da aka warware a 1956 shi ne wannan. Aka ƙara harajin man fetur daga santi 2 zuwa santi 3 a kan galan, aka buɗe asusu na musamman da kuɗin zai riƙa shiga don aikin hanya, gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 90 cikin 100, jiha ta kawo 10. Duk da haka, titin da ya bi yawancin sawun ayarin, mai lamba 80, sai a 1986 aka haɗa ƙarshensa, kuma guntun da ya rage har ƙarshe yana kusa da Salt Lake ɗin nan dai. Yau tafiyar da ta ci kwana 62, awa 40 da 'yan kai ce a kan sitiyari.

Kai ɗan kasuwa ne, don haka ba za mu ɓoye maka ɗaya gefen ba. Irin waɗannan tituna ba a kasa kaya a bakinsu, ba a tsayawa ko'ina, sai a mashiga da mafita da aka ware. Ƙananan garuruwa da yawa da ke cin abinci da matafiya a tsohuwar hanya, sabon titi ya kewaye su, gidajen mai da na abinci da masaukai suka rufe. A cikin manyan birane kuma an rushe unguwanni don titi ya wuce, kuma sau da yawa unguwannin baƙar fata da talakawa ne abin ya faɗa wa.

To yanzu mu koma kan dattawanka. Su tsohuwar hanyar suke nema su bi duk inda ta rage, su ratsa waɗannan ƙananan garuruwa, a fito a tare su kamar yadda aka tari na 1919. Yawancin motocinsu ba na 1919 ba ne, na Yaƙin Duniya na Biyu ne da na bayansa: jif-jif, da Dodge, da wata shahararriyar GMC mai ƙafa shida da aka ƙera fiye da 500,000 irinta tsakanin 1941 da 1945. Tuƙa irin wannan GMC aiki ne na ƙarfi. Sitiyarinta babu mai taimaka maka, damtsenka ne. Giyarta ba ta shiga sai ka taka kuloci sau biyu, ka daidaita da totur, ka saurari inji, in ka yi gaggawa ta yi maka ƙara kowa ya ji. Ƙarshen gudunta kilomita 72 a awa, su kuwa ba sa ma kai ta nan, wajen 55 suke tafiya. Ga zafin inji a ƙafa, ga ƙara, babu na'urar sanyaya wuri. Fetur take sha, ba gas ba. Tankinta lita 150 ne, yana kai ta kamar kilomita 480, wato lita guda kilomita 3 ke nan. In ka buga lissafi, ratsa ƙasar sau ɗaya zai ci kusan duro 8 na fetur.

Me ya sa suke jurewa, taka kuwa take wahala? Na farko, babu kaya a bayansu sai katifa da akwatin sifana, taka kuwa wataƙila ana ɗora mata ninkin abin da aka ƙera ta dominsa. Na biyu, ba a kore su, kuma akan huta a wasu ranaku don gyara. Kowace safiya kafin a tashi sai an duba bakin mai da ruwan lagireto da birki, an bi ƙusoshi an ɗaure, kuma akwai makanikai da motar ja a ƙarshen ayari, aikin da Militor ta yi ke nan. Injinsu kuma babu kwamfuta a ciki, abin da ya lalace ido na ganinsa, hannu na kaiwa. Na uku, wanda ya fi duka, hanya ce. Motocin 1919 sababbi ne fil suka sha kashi, waɗannan kuwa tsofaffi ne tukuf amma a kan kwalta suke yawancin tafiyarsu. Ayarin 2009 bai cika wata guda ba ya isa San Faransisko. Na 2019 ya ɗan haura wata, shi ma don suna tsayawa gari-gari ana gaisawa ne.

Da fatan Malam ya gamsu. A gaida mana yaron da ya nuna hoton, a kuma gaida makanikin.